Mai Keken da Ke Zuwa Kallon Kufai

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ɗaukar hakan aibu ba. Tela ne ni a unguwar Bagadaza. Wanda ya daɗe yana auna mutane ya san yadda suke tsuke ciki da zarar sun ga tef, don haka tun da wuri na daina yarda da abin da mutum ya ga damar nuna mini.

Mahaifinmu ya rasu ya bar Inna, mahaifiyata, a wani ƙauye da ke hanyar Dadin Kowa, dab da dajin Kanawa. Na yi na yi ta dawo cikin gari, ta ƙi. Gona ce ta riƙe ta: dawarta, wakenta, 'yar gyaɗa da awaki. Gonar ta kakanmu ce, kuma ba a taɓa raba ta tsakanin mahaifinmu da ƙaninsa ba, wanda muke kira Bappa, domin a gidanmu ana ganin rabon gona tamkar raba zumunci ne. Gari kuwa sai matsowa yake yi. Gonakin da na sani ina yaro duk sun koma filotai da katangar bulo. Ba abin da nake tsoro a lokacin kamar a wayi gari an raba Inna da gonar nan, shi ya sa kowace Asabar nake rufe shago in tafi, in taya ta aiki, in kuma sa ido.

A bayan gonar akwai kufai, inda wani gari ya taɓa zama ya tashi. Manyan kukoki ne a tsaye, da guntun ganuwa da ruwa ya cinye har ta zama tudu, da wasu ramuka. Iyakar gonarmu tana can bayan kukokin, a bakin wani kwari, amma kunyar nomanmu ba ta taɓa kaiwa can ba. Ba a shiga. Inna takan ce masu wurin ba sa son takun mutum, haka ta ji daga surukarta. Ko akuya ce ta kutsa, sai dai a tsaya daga nesa a yi ta kira har ta ga dama. Na girma, na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban taɓa taka wurin ba.

Sai ga wani dattijo ya fara zuwa a kan keke, keken hawa mai ƙafa biyu, da hular kwano a kansa da wando iya gwiwa. A wurinmu keke abin aiki ne. Ana ɗaura masa jarkar ruwa, ko buhun masara, ko ciyawar dabbobi. Shi wannan ya zo ba komai, ya koma ba komai, sai 'yar gorar ruwa. Yakan ɗaga wa Inna hannu daga hanya, ya jingine keken a jikin bishiya, ya shige cikin kufan nan hannuwansa a baya. Ina hango shi yana sunkuyawa ya ɗauki tsingaro, ya juya shi, ya mayar daidai inda ya ɗauka. Daga nan sai ya gangara cikin daji da ƙafa, ya daɗe, ya fito. Raina bai kwanta ba ko kaɗan.

Na sa wani abokina ɗan acaɓa ya bincika mini. Ya ce ai tsohon malamin makaranta ne, mutumin Kaltungo, yana zaune a Nasarawo, ba ya fashin coci, kuma yana da mota a gida an lulluɓe ta da tamfol. Wai likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini. Wannan bayanin ƙara mini zargi ya yi. Mutum da motarsa ya hau keke ya zo daji cikin rana, a ce mini magani yake sha?

Wata Asabar na tare shi a hanya.

"Baba, sannu da zuwa. Me ake nema ne a nan?"

"Ba na neman komai, ɗana. Kallo nake yi."

"Kallon me?"

Sai fuskarsa ta washe, kamar dama jira yake a tambaye shi. Ya ce duk inda ka ga kukoki sun taru haka, mutane sun taɓa zama. Ramukan nan na marina ne, har yanzu akwai shuɗin baba a bakin ɗaya. Ya ce ya yi shekara da shekaru yana koyar da tarihi a kan allo, sai da ya yi ritaya ya samu ya taɓa shi da hannu. Dajin kuma akwai sanyi da tsuntsaye.

"Kai ba ka taɓa shiga ba?"

"Ba ma shiga."

Ya yi 'yar dariya ya hau kekensa. Ni kuwa na ce a raina, ya samu abin da ya zo nema, yanzu ya san ba ma leƙa wurin.

Bappa ne kaɗai ya fahimce ni. Shi yakan zo ne a motar wani abokinsa Alhaji, da goro da sukari da sabulu na Inna. Ya cire takalmi tun daga bakin zana, ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi awaki ɗaya bayan ɗaya. A shimfiɗa tabarma, Inna ta dama fura da nono mai kauri. Alhajin yakan yaba dawar, ya ce rabonsa da ganin zangarniya irin wannan tun yana yaro. Da na ba Bappa labarin mai keke, sai ya ajiye ludayi.

"Ka yi tunani, ɗana. Irin su ne 'yan leƙen fili. Su zo kamar masu yawo, gobe ka ga masu awo. Kada ku sake masa fuska." Ya juya wajen Inna. "Kufan nan kuma, Adda, a ci gaba da kiyayewa. Kin tuna wanda ya shiga bakinsa ya karkace?"

Inna ta ce ta tuna. Ni ma na ji daɗi, don babu abin da ya kai a ce wa mai zargi ya yi daidai.

Damina ta yi nisa, dawa ta fara ja, sai ga mai keke har ƙofar gida. Bai taɓa yin haka ba. Ya cire hular kwanon ya riƙe a hannu, gumi yana zuba.

"Mama, sannu da gida. Don Allah tambaya zan yi. Kun sayar da bayan gonar nan ne?"

Na ga Inna ta dafe ƙirji. Jinina ya hau. Ga shi dai da bakinsa ya ambaci sayarwa.

"Ba ta sayarwa ba ce," na ce. "Ka gaya wa waɗanda suka aiko ka."

"Ba wanda ya aiko ni. Na ga an kafa wasu..."

"Baba, ina ganin girmanka. Ka hau kekenka."

"Ka zo in nuna maka, ba nisa. Bayan kukar can ne kawai."

Wato ni zai ja cikin kufai. Na yi masa kallon sama da ƙasa. Ya tsaya kaɗan yana duban tulun ruwan da ke gindin bishiya, sannan ya ce Allah ya kyauta, ya tafi.

Asabar ta gaba muka hango wasu dogayen sanduna a bayan kukokin, an ɗaura musu farar leda tana kaɗawa. Ni na ce alamar awo ce. Inna ta ce asiri ne. Na kira Bappa a waya, ya ce ko ma mene ne kada wanda ya kusanci wurin, shi zai ji da maganar. Mai keke bai sake biyowa ta hanyarmu ba, na kuwa yi ta bugun ƙirji a shago cewa na kori ɗan leƙen fili.

Bayan an gama girbi, wata safiya Inna ta sa aka kira ni tana kuka. Na tarar tifa ta juye yashi a tsakiyar gonar, a kan karan dawa, leburori suna sauke bulo. Na tambayi babbansu, ya ce filin Alhaji ne, ya saya tun kafin ruwan fari daga hannun mai shi. Ya kwatanta mini mai shi ɗin, har da yadda yake gaisuwa. Na kira Bappa, wayarsa a kashe.

Ban san lokacin da na ruga na wuce kukokin ba. Babu abin da ya kama ni, bakina bai karkace ba. Na ga ramukan marina, na ga shuɗin da dattijon ya faɗa. A gindin kowace sanda mai farar leda akwai turken siminti irin na masu awon fili, ya sha ruwan damina har ya yi gansakuka. An bi an cire ciyawar da ta rufe kowanne da hannu, an kafa sandar da tsawo yadda wanda ke tsaye a ƙofar Inna zai hango. Sai na gane aikin mai keken ne. Na zauna a kan tudun ganuwar nan.

Maganar ta je gaban manya, kuma har yau tana can ana cewa a yi haƙuri, zumunci ne. Katanga dai ta tashi. An sayar da awakin, Inna ta dawo gidana a Bagadaza, ɗaki ɗaya da tsakar gidan da ba ya ɗaukar shanyar wake. Zargina bai ragu ba, sai dai yanzu idan mutum ya cika tsawaita gaisuwa nakan duba hannunsa.

Inna ba ta ambaton Bappa, ba ta ambaton gonar. Wata Asabar ina shirin fita shago, wani ya wuce ta ƙofar gida yana kaɗa ƙararrawar keke. Ta ɗaga kai ta saurara har ƙarar ta ɓace. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan," ta ce, "mutumin nan, duk zuwan da ya yi cikin rana, ko ruwa ba mu taɓa ba shi ba."