Rabin Ƙwayar Mai Wanki

Shekara talatin ya yi yana wanki da guga a shago ɗaya, gaban dutsen guga na gawayi. A aji huɗu ya bar makaranta. Abokin karatunsa kuwa, wanda ake kira Malam, ya zarce har ya zama hedimasta, amma bai daina kawo masa kaya ba.

A shekara guda likita ya ce duk su biyun suna da hawan jini. Malam kullum sai ya sha ƙwayarsa. Mai wanki sai ya sa reza ya raba tasa biyu, don maganin wata ɗaya ya kai shi wata biyu. Ranar da kansa bai sara ba, ko rabin ba ya sha.

"Kai sarkin taurin kai, ciwon nan ba ya sallama," in ji Malam.

Mai wanki ya yi dariya. "Kai fansho ke saya maka. Ni in na haɗiye guda, yara su haɗiyi me?"

Yana da shekara hamsin da takwas ya faɗi a bakin famfo, hannunsa duk kumfa. Bai kai asibiti ba. Malam ya ƙara shekara goma sha tara a duniya.