Masu Cin Tukunya Ɗaya

Aku suke kiranta a ofis, don tambayar da ta yi tana budurwa ita take yi yau da furfura, ko wasali ba ta canzawa. Aikinta ke nan. Duk bayan 'yan shekaru sai ta koma gidajen da aka zaɓa tun farko, ta karanto musu tambayoyi iri ɗaya. In sabon ma'aikaci ya so gyara lafazi, sai ta ce, "Kai, bar shi! In ka taɓa tambaya, gobe ba ka san mutane ne suka canza ko bakinka ba."

Tambayar farko kullum ita ce: mutum nawa ke cin tukunya ɗaya a gidan nan kullum? Baƙo ba ya ciki.

Akwai gidan wata tsohuwa a bayan shagon walda, kowa Inna yake ce mata. Zuwan Aku na farko, sai da Inna ta ƙare yatsun hannu ta koma na ƙafa, ana ta dariya. Daga baya maigida ya rasu, 'yan mata suka yi aure, maza suka ja iyalinsu. Kowane zagaye amsar sai ta rame.

Bana Aku ta tarar da babbar tukunyar a kife, kaza na kwana a gefenta. Tana buɗe jaka Inna ta riƙe mata hannu.

"Tsaya, 'yar nan. Ci tukuna."

Doka ta hana su ci a gidan da suke aiki. Amma wa zai ture kwanon tsohuwa? Ta ci, Inna na gefe tana ci tare da ita. Da suka wanke hannu, Inna ta gyara zama.

"Yauwa. Yanzu tambaye ni."

Aku ta karanto, da muryar da ta saba.

"Biyu," in ji Inna.

Tausayi ya kama Aku, don ta gane da ita Inna ta ƙirga. Wallahi da ta rubuta biyun, babu mai ganewa. Sai dai ta san irin wannan ramewar aka aiko ta ta auna. Ta rubuta ɗaya.

Inna ba ta yi boko ba, amma ta leƙo, ta daɗe tana kallon ɗan layin.

"Ashe haka yake, siriri," ta ce.

Ta tattara kwanukan ta nufi bakin famfo.