Man Kaɗe a Gindin Sandar Jirgi

Shekarar da maigidana Malam ya ajiye aiki, wani tsohon Bafaranshe da ke zaune a ƙasan benenmu a Villeurbanne, gefen garin Lyon, ya ba shi ƙaramin jirgin ruwa na katako. Tun rasuwar matar tsohon nake aika masa da abinci duk ranar Juma'a, shi kuma ya maido kwanon a wanke da ayaba biyu a ciki. Mahaifinsa ne ya ƙera jirgin da hannunsa, irin mai tafiya da iska, wanda ake kafa wa doguwar sanda a tsakiya a ɗaura mata zane. Sandar ce ta ruɓe ta karye, jirgin ya yi shekaru kife a gareji. 'Yar tsohon za ta ɗauke shi ya koma wurinta a ƙarshen watan Agusta, ga shi ba wurin ajiye jirgi a can. Abu ɗaya ya roƙa, ya ga jirgin bisa ruwa kafin ya tafi.

Malam ya tashi a bakin kogi a Gaya, ya san kwalekwale, amma aikinsa na shekara talatin walda ne, ƙarfe ya sani. Ya so ya saya wa jirgin sandar alminiyom a huta. Tsohon bai ce a'a ba, sai dai ya yi ta shafa katakon jirgin, Malam ya dawo sama ya ce mini ta katako za a nema.

An daɗe da daina yin irinta. Wata biyu yana duba tallace-tallace a waya, gilashi a kan hanci, shayi na hucewa. Wannan ta yi gajarta, waccan ta lanƙwashe, wata kuma kafin ya kira an ɗauke. Daga ƙarshe aka samu ɗaya a bayan garin Paris, ta wani jirgi dabam: ta fi tamu tsawo da kamu ɗaya, gindinta kuma bai cika ramin da za ta zauna ba. Muka hau jirgin ƙasa muka sauka wurin ƙanwata a unguwar Belleville cikin Paris. Ni ina zagayen gaishe-gaishe, shi yana can yana tonon akwatunan mai sandar, har ya samo ƙananan ƙafafun tagulla da igiya ke bi ta kansu, da zobba, da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Wani ɗan garinmu mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, daga Clichy-sous-Bois ya kawo mana sandar har Lyon, naɗe da tsofaffin barguna.

Shirin Malam shi ne ya rage tsawon daga sama, sannan ya manna ɓallin katako biyu a gindin don ya cika ramin. Ya fara da kankare tsohon varni, fentin ƙyallin da ke jikin katakon. Ranar da na kai masa abinci gareji na tarar ya raka tsohon asibiti, sandar na kwance kan kujeru biyu, fara fat, busasshiya, gindinta duk ƙananan tsagu kamar dugadugan mai yawo ba takalmi. Tausayinta ya kama ni. A gidanmu, in taɓarya ko muciya ta fara tsagewa, man kaɗe mahaifiyata ke shafa mata ta ajiye a inuwa. Na hau sama na ɗauko wanda aka aiko mini daga gida, na narka shi, na yi bismilla na shafe gindin sosai har katakon ya sha ya yi duhu, na goge da tsumma. Ban faɗa masa ba. So nake ya gani da kansa ya yaba.

Bai lura ba, garejin ba haske sosai. Washegari ya shafa gam ya manna ɓallayen, ya ɗaure su tam, ya bar su kwana biyu. Da ya kwance, suka zame a hannunsa kamar ba a taɓa manna su ba. Ya sayo wani gam, ya sake, haka ta sake faruwa. Saura sati uku tafiyar tsohon. Malam ya daina cin abinci da kirki. Ya ce laifinsa ne, maƙerin ƙarfe ya shiga aikin da ba nasa ba, ya kashe sandar da ba ta biyu. A lokacin ne zuciyata ta ba ni cewa man nan ne. Na yi sallar la'asar, na daɗe zaune kan darduma ina neman ta inda zan fara, sannan na sauka. Suna tare da tsohon.

"Malam, gam yana kama wurin da aka shafa mai?"

Ya ɗago ya dube ni. Ya sunkuya ya sansana katakon.

"Hajiya, me kika yi wa sandar mutane?"

"Tsagewa take yi. Man kaɗe ne, ɗan kaɗan."

"Kaɗan? Kwana biyar ina jin ƙanshin ɗakin tsohuwata a garejin nan, na ɗauka kewar gida ce."

Ya juya ya yi wa tsohon bayani da Faransanci. Na sunkuyar da kai ina jiran ɓacin rai. Sai tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya natsa ya sa aka auna inda man ya tsaya, kamu ɗaya da 'yan yatsu. Ya ce tunda dama rage tsawo za a yi, a bar saman, a yanke gindin da ya sha man, sauran a kankare a wanke. Sai dai duk ƙarafan da ke ƙasa dole a cire su a matsa da su sama, a toshe tsofaffin hujoji, ɓallayen kuma a sake feƙe wasu.

Kankarar ni na karɓa, ban bari kowa ya taya ni ba. Kwana huɗu ina gurzar katako da takarda mai yashi, ina wankewa da wani ruwa mai hawa kai, har yatsuna suka yi fari. Malam na gefe yana huda yana aunawa, tsohon na kan kujera yana gyara masa da bakin sandar hannunsa. Sau uku aka ɗaga sandar a farfajiya aka sauke, ana ɗan fere ɓallayen, kafin ta zauna daram a raminta. Varni na ƙarshe ya bushe saura kwana uku.

Ranar Asabar da hantsi muka kai jirgin babban tafkin da ke gabas da garin. Tsohon ya ce gani kawai zai yi daga bakin ruwa, gwiwoyinsa ba za su iya ba. Amma da aka ja igiya zanen ya hau ya cika da iska, sai ya miƙa wa 'yarsa sandar hannunsa ya ce a kama shi. Malam da wani mutum suka ɗaga shi suka zaunar a baya, ya riƙe abin juya jirgin. Ni da 'yar muka zauna kan ciyawa, ina jan carbi ina roƙon Allah ya sa gam ɗin ya riƙe. Suka je tsakiya, suka juyo, suka sake komawa. Sai da azahar ta gota suka fito, wandon tsohon jiƙe sharkaf, yana faɗa wa Malam cewa shi Malam har yanzu bai iya juya jirgi ba, sai ya dage. Ranar Litinin 'yarsa ta tafi da shi.