Tafiyar Kaka Bauchi

Kakata ta wajen uba mutuniyar Bauchi ce. Tana ƙarama mahaifinta ya taho da su Naraguta neman aikin kuza, daga baya aure ya kawo ta unguwar Ali Kazaure a Jos, inda aka haife mu. A duk jikokinta ni ce mai zama kusa da ita in tana tsinke zogale ko tana ɓare gyaɗa, saboda haka ni na fi kowa sanin Bauchi a gidanmu, ko da yake ban taɓa wuce Naraguta ba. Na san in an bar Jos sai Tilden Fulani, sai ƙasar Toro, sai Nabardo, sai a ga dutsen Zaranda, daga nan an kusa. Na san garin yana da ganuwa da ƙofofi, na san Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti. Takan ce da suka zo, Jos ɗin nan ma daga Bauchi ake mulkinta, kuma sanyinta ya fi na yanzu.

Bayan an ba Bauchi jiharta, sai Kaka ta matsa wa Baba tana son ta je ta ga danginta tun tana da ƙarfi. Baba ya yarda, amma ya ce sai da 'yar rakiya. Ni ko tambaya ban yi ba, na wanke zanena na salla na ninke.

Sai aka ce da 'yar ƙanin Baba za ta tafi. Sa'ata ce, gida ɗaya muke, amma ita ba ta taɓa zama ta saurari Kaka ba, kullum tana waje wajen wasan gala-gala.

Na sami Kaka a ɗakinta na ce, "Kaka, ni fa?"

Ta ce, "Ke kina da jarrabawa, uwar ɗakina. Ita kuma ta fi ki ƙarfin ɗaukar kaya."

"Ko hanyar ba ta sani ba."

Ta yi dariya ta ce, "Direba ya sani."

Ranar tafiya ban raka su tasha ba, na ce cikina ke ciwo. Ko tuwo ban iya ci ba. A aji malami yana magana, ni kuwa ina can ina cewa yanzu sun wuce Toro, yanzu 'yar'uwata tana kallon dutsen nan ba ta ma san sunansa ba.

Da suka dawo yaran gidan duk suka kewaye 'yar'uwata. Abin da ta riƙo kawai shi ne zafin garin da masar da ta ci a can. Ta ce sun shiga ta wata ƙofa, wai Ƙofar Rana.

Na ce, "Ƙofar Ran ake cewa."

Kaka ta ce, "Ƙyale ta mana, ai ita ta gani da idonta."

Wannan magana ta fi rashin tafiyar ƙona mini rai. Daga nan in Kaka ta fara labari sai ta juya wajenta ta ce, "Kin tuna gidan nan mai bishiyar tsamiya?" Su yi ta dariyar wata tsohuwa da ban sani ba. Ni sai in tashi in tafi wanke-wanke tun ba a kira ni ba. Inna ta lura, ta ce mini ita ma shekarunta nawa a gidan nan ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba ta mutu ba. Bai rage mini komai ba.

Da shekara ta zagayo aka sake tafiya da ita, wai dangi sun saba da ita, suna tambayarta. A can ta ga wanda take so, wani ɗan dangin Kaka mai sayar da yadi, ta aure shi. Ni ban ga Bauchi ba sai wajen sunan ɗanta na fari, lokacin Kaka ta riga ta rasu. 'Yar'uwar tawa ta aiko aka ɗauko mu daga tasha, ta tarbe ni da murna, ta riƙa gabatar da ni ga tsofaffin gidan tana cewa, "Ga 'yar'uwata daga Jos." Suka yi ta tambayata ko 'yar wace ce ni a gidan.