Warƙar Ƙarshe ta Littafin Kakana

Kakana mutumin Borno ne, malami, ya zauna a Fagge tun kafin a haifi babana. Littafi ɗaya ya wallafa a rayuwarsa, sharhi a kan rabon gado, rubutun hannunsa, warƙoƙi a sake ba ɗinki, cikin gafakar fata. Da ya rasu aka ji tsoron gara, sai aka kai littafin ajiya wani ɗan ɗakin karatu na wata ƙungiya a bayan shataletalen Bata. Daga ranar ya daina zama namu.

Mai kula da ɗakin wani malami ne siriri mai farin tabarau, makullai kullum a aljihun gaba. Babu jerin littattafai, babu rajista, komai a kansa yake. In ya ga dama ya ɗauko maka, in bai ga dama ba ya ce babu. Babana kuwa tela ne, karatunsa bai yi zurfi ba, so kawai yake ya ga rubutun mahaifinsa. Sau uku ina raka shi, ina budurwa. Sau biyu malamin ya bar mu a kan benci tun hantsi har aka kira azahar, sannan ya ce mu dawo wani makon. A na uku ya ce littafin da muke magana a kai na mahaifinsa ne shi malamin, duk wanda ya zo bincike ya san haka. Ya dubi babana ta saman tabarau.

"Malam tela, ba a ɗinka littafi da keke. Koma kan aikinka."

Babana ya gyara hularsa, ya yi masa sallama, muka fito. Bai sake komawa ba har ya rasu. Shi mai haƙuri ne. Ni ban gado shi ba.

Na koyi kwamfuta a shagon wata mata Ibo a Sabon Gari, ina buga katin biki da takardun ɗalibai, daga baya na karanci aikin laburare. Shekaru suka wuce, na yi aure, na yi ƙiba. Rannan na ji ƙungiyar nan tana neman wanda zai ɗauki hoton tsofaffin littattafanta, ya tsara kundinsu a intanet, yadda kowa daga ko'ina zai ga abin da ke ciki. Na nema. Da kwamiti suka tambaye ni dalili, na ce kishin ilimi ne. Ƙarya na yi musu, kishin wani abu daban ne ya kai ni.

Malamin bai gane ni ba. Ya tsufa, amma makullan suna nan a aljihun. Kullum sai ya zauna gefena yana faɗa ina cike gurbi: sunan littafi, mawallafi, adadin warƙoƙi, wanda ya kawo. Hajiya yake ce mini, ni kuma ina ce masa Baba, har shayi nake haɗa masa. Wata rana muka zo kan gafakarmu. Ya shafa ta, ya faɗi sunan mahaifinsa, na rubuta ban ɗago kai ba.

Sai dai littafin bai cika ba. A zamanin da, marubuta ba sa sa lambar shafi. A ƙasan kowace warƙa sukan rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba, don ko sun watse a iya jera su. Warƙar da ke ƙarshen gafakar tana da irin wannan kalma a ƙasanta, amma babu abin da ya biyo baya. Wadda ta ɓata ita ce wadda marubuci ke rufewa da addu'a, ya sa sunansa da na ubansa. Malamin ya ce tun zuwan littafin haka yake.

Na san shi ya cire ta, kuma na san ba zai yaga ta ba. Na lura da shi, ko guntuwar takarda ya gani a ƙasa mai rubutun Larabci sai ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe ta, ya jefa a wasu kwalaye da ke saman kanta. Mutumin da ya iya cin amanar mamaci bai iya wulaƙanta sunan Allah a takarda ba. Na ce masa kwamiti sun ce a ɗauki hoton komai, har guntaye. Ya ce ɓata lokaci ne. Na ce ai lokacin nawa ne, Baba.

Wata huɗu na yi a cikin kwalayen nan ina atishawa. Na same ta a kwali na biyar, a naɗe cikin tsohuwar kalanda. Kalmar farko ita ce, tawadar ita ce, ga sunan kakana ɓaro-ɓaro a ƙasa. Na gyara kundin a safiyar nan, na sa sunan kakana a gurbin mawallafi, na ɗora hoton warƙar, na tura wa kwamiti. A gurbin wanda ya kawo na sa sunan babana, na ƙara da sana'arsa. Sai da komai ya hau intanet na jera masa warƙoƙin biyu a kan tebur.

Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ke 'yar waye?"

"'Yar tela ce."

Ya roƙe ni in rufa masa asiri, in bar sunan mahaifinsa a gurbin har ƙasa ta rufe idonsa. Na gaya masa ya makara. Na laluba zuciyata ko zan sami tausayi, ban samu ba. Daɗi na ji, kuma har yau ban yi istigifari a kansa ba.

Kwamiti suka sallame shi cikin mutunci, suka ba ni makullan. Yanzu ka'idar ɗakin ita ce, duk mai son ganin littafi da idonsa sai ya duba kundi, ya cike 'yar takarda da lamba da sunan mawallafi. Bara ya dawo, yana dogara sanda, ya ce yana so ya sake ganin gafakar, shekara talatin yana shafa mata mai. Na nuna masa benci, bencin nan dai. Ban da wani aiki a gabana, amma sai da aka kira azahar na miƙa masa takarda da biro.

Ya rubuta lambar. Ya tsaya a gurbi na biyu, ni kuma na harɗe hannu ina jira. Daga ƙarshe ya rubuta sunan kakana, harafi bayan harafi, bai yi kuskure ko ɗaya ba, domin ya san shi sarai. Na ɗauko masa littafin. Takardar kuwa ban sa ta a fayil ba. Tana gida, a aljihun keken ɗinkin babana.