Jegona a Hannun Kaka

Ko da tsufa zai kwashe komai daga kaina, ba na jin zai kwashe jegon ɗana na fari da na yi a Mirriya. Yaron yanzu har ya shiga lakwal, wato makarantar boko, amma abin yana nan daram a raina, wani lokaci in yi dariya ni kaɗai, wani lokaci in ji idona ya ciko.

A Damagaram na haihu. Ni 'yar fari ce, mahaifiyata ko sunana ba ta kamawa, don haka bayan suna sai aka kwashe ni zuwa Mirriya wurin kakata da ta raine ni, in yi wankan gida. Kafin a sallame ni daga matarnite, asibitin haihuwa, ungozomar da muke ce wa Madam ta ja mini kunne sosai. Jinina ya hau wajen naƙuda kuma bai gama sauka ba. Ta ce ban da kanwa, a rage gishiri, ruwan wanka kuma ya tsaya a ɗumi. Ta tura mini wani bidiyo a salula na motsa jikin masu jego, yoga ake ce masa, ta ce idan jiki ya ɗan yi ƙwari in riƙa bi a hankali saboda ciwon baya.

To, Kaka fa ba ƙaramar mace ba ce a harkar jego. Duk matan danginmu ita ta wanke su, har na maƙwabta. Rabin duro take ɗorawa a murhu, ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen bedi, wato dogon yaro, ta dinga fyaɗa miki har sai kin kira sunan iyayenki. Da na isar mata da saƙon Madam, sai ta dube ni sama da ƙasa, ta tambaye ni ita Madam ɗin 'ya'yanta nawa. Ta ce sanyi ke kashe mai jego, kuma muddin tana numfashi sanyi ba zai shiga jikin jikarta ba.

Ni kuwa ga kunya, ga son zaman lafiya. Gaskiya ma abincin ya yi mini: gasasshen nama da yajin jego, farfesun ƙafar sa, wa zai ƙi? Kunun kanwar ne matsala, don tsayawa take a kaina sai ta ga ƙasan kwano. Sannu a hankali ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya daina shiga, kaina ya dinga sara, in na kwanta numfashi ya riƙa yi mini wuya. Kaka ta duba ƙafar ta ce ga sanyin nan ya fara, ta ƙara itace a murhu, ta ƙara kanwa a kunu. A nan tsoro ya fara kama ni.

Wata rana da hantsi baya ya dame ni, na shimfiɗa tabarma a ɗaki na kunna bidiyon. Na durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, ina gantsarewa ina dunƙule baya, ido rufe, ina jan numfashi ina furzarwa da ƙarfi. Ashe Kaka na tsaye a bakin ƙofa. Sai ta juya. Kafin in ankara an jefa mini bargo a ka, an turo kaskon garwashi da tazargade yana tiriri. A wurinta magana ta ƙare, iska ta shafi mai jego.

Nan da nan ɗaki ya cika da matan maƙwabta, wannan na tofi, waccan na cewa a kira malam. Ni kuma ina cikin bargo, tari ya sarƙe ni, dariya ta ƙwace mini. Sai na ji Kaka tana ce musu, “Kun ji ko? Wannan ba muryarta ba ce.” Da ƙyar na fito da kai na miƙa mata salular. Ta daɗe tana kallon matar bidiyon tana gantsarewa, sannan ta tambaya cikin tausayi ko ita wannan baiwar Allah ba ta da dangi ne, aka bar ta haka.

Kowa ya yi dariya, amma tawa ta tsaya a ƙirji, na daɗe ina haki kafin numfashi ya dawo. Da mutane suka watse na kama hannunta na ce, “Kaka, gobe ki raka ni awo. In Madam ta ce in sha kunun, wallahi har kwanon zan lashe.” Ta yarda nan take, don dama tana neman hanyar da za ta gaya wa Madam magana. Washegari ta ci ado kamar mai zuwa biki, muka shiga motar Damagaram.

Madam ta tarbe ta da girmamawa, ta rusuna ta gaishe ta, ta ba ta kujera. Ta yaba gashin naman, ta yaba tausar da take yi mini da ɗaurin ciki, ta ce a ci gaba. Sannan ta danna yatsa a ƙafata, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta auna jinina, na ga fuskarta ta sauya. Ta bayyana wa Kaka a hankali cewa kanwa na tara ruwa a jiki, zuciya ta gaji da aiki, kumburin ke nan, kuma da mun ƙara jinkiri da sai an kwantar da ni. Kaka da ta zo da baki cike da faɗa, sai kawai ta ɗauki jaririn muka fito.

A mota jaririn na kan cinyarta. Sai da muka kusa gida ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

“Haka ƙanwata ta kumbura a jegonta na fari. Aka ce sanyi ne. Ni nake dama mata kunun, kullum ina ƙara kanwa, har Allah ya karɓi abinsa.”

Ta share ido da bakin mayafi. Ni ban ma taɓa sanin tana da ƙanwa ba. Tausayinta ya kama ni, na jingina kaina a kafaɗarta kamar yadda nake yi ina yarinya.

Daga ranar gidan ya juya. Kunun gyaɗa da na tsamiya suka maye gurbi, ga kwaɗon zogale, ga wake, gishiri kuwa sai ka yi bincike kafin ka ji shi. Da kanta take sirka ruwan wanka, ita ke tuna mini maganin da aka ba ni, da la'asar kuma ta kore ni in zaga tsakar gida. In zan yi gantsare-gantsarena, zama take a bakin ƙofa tana gadi, duk wadda ta leƙo ta ce mata likita ce ta rubuta. Kafin arba'in na saɓe, na koma ɗakina da ƙafata.

Abin da na koya shi ne, mai jego in ta ga kumburi kada ta zauna jiran ya wuce, ta tafi asibiti, kuma ta tafi da wadda ke kula da ita, ta ji da kunnenta. Tun daga lokacin kuma, in tsohuwa ta kafe a kan wata al'ada, ba na saurin cewa taurin kai ne. Nakan fara tambayar kaina wa ta rasa.