Layin da Malam Ya Ware wa Ajiya

Jiya a ofishinmu na Samaru na tsinci rubutun Malam, tsohon mai kula da kwamfutocinmu, a kwandon shara, shekara biyu bayan rasuwarsa. 'Yan takardun da ya liƙa wa wayoyin suwic ne, na'urar da ke rarraba bayanai tsakanin kwamfutocinmu. Wani ɗan kwangila mai kwat ya ɓare su, ya goge saitin, ya haɗe komai a layi ɗaya. Kafin azahar bidiyon da ma'aikata ke kallo ya toshe hanyar bayanai, sakamakon gwajin masara na damina uku ya isa kwamfutar ajiya a gutsure.

Na tuna ranar da Malam ya zaunar da ni gaban na'urar, fankokinta na gurnani, bakinsa ja da goro. Na ce ai waya ɗaya ce, me ya kawo bambanci?

Ya ce, "Malama, kin ga titin kasuwar Sabon Gari in tirelar hatsi ta shigo? Mai keke zai iya jira. Hatsi in ya zube a kwata, ya zube. Ki ware wa ajiya layinta, ki sa ta gaba."

Yini guda ya yi yana saiti yana rubutawa da jan biro, ana masa dariya. Yau masu dariyar ke tambayata ko ya bar wani bayani. Ya bari mana, ga shi a shara.

Allah ya haskaka kabarinka, Malam. Mu kuma ya shirye mu, ko ya nisanta hannunmu da wayoyinka.